Robar Man Birki a Aljihun Ƙofa

Duk wanda ya saba zaman gidan gaba a motocin haya, ko Golf ce mai zuwa Wudil ko Sharon mai bin hanyar Kaduna, in ya sunkuyar da kai zai ga wata 'yar roba a aljihun ƙofar direba, ko a ƙarƙashin kujera kusa da tsumman goge gilashi. Man birki ne. Da safe kafin lodi direban yakan ɗaga bonet ya tsiyaya kaɗan, ya rufe, ya mayar da robar mazauninta. In kuma ka kai ido kan ƙafarsa ta dama lokacin da aka doso shingen jami'an tsaro, za ka ga ba sau ɗaya yake taka birki ba. Takun farko feda tana tafiya kusan ƙasa ba tare da motar ta ji komai ba, sai ya ɗaga ya sake dannawa da sauri, a na biyu ko na uku ta fara ladabi. Ya saba har bai san yana yi ba. Fasinjoji kuwa na ta hirar tsadar masara.

Robar nan tana tsaya mini a rai, domin mota ba ta shan man birki yadda take shan fetur. Zaune yake cikin rufaffiyar hanya, daga masta da ke bayan feda, ta bututan ƙarfe da tiyo, zuwa tayoyi huɗu, kuma aikinsa ɗaya ne: ya kai ƙarfin ƙafar direba can. Yakan ɗan sauka a hankali cikin watanni yayin da fad ke cinyewa, saboda fistin yana ƙara fitowa, man yana bin bayansa. Amma man da ake ƙarawa kullum safiya wani wuri yake zuba. Inda mai ya sami hanyar fita kuwa, iska ta sami hanyar shiga, ita ce kuma direban yake matsewa da takun nan na farko. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Takun da ya tafi a banza, kusan wannan nisan ya tafi da shi, alhali yaron da ya tsallako titi ko saniyar da ta fito daga daji ba su san ana famfa birki ba.

Ba zan zagi direban ba. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yunin shekarar, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, tunda akasarinsu daga waje ake shigo da su. Direban haya yana da balas ɗin mai mota a kansa, ga kuɗin tasha, ga cefane, ga mai da zai zuba gobe. Yinin da motar ta yi a gareji yini ne da ba a samu ko sisi ba. Ma'aikacin gwamnati mai tsohuwar Corolla shi ma lissafin nan yake yi da albashinsa. Saboda haka idan mutum ya ce da bakanike, "Oga, a lallaɓa mini ita zuwa ƙarshen wata," ba rowa ce ta sa shi faɗa ba, babu ce. Abin da nake gani shi ne, gyaran birki mai sauƙin kuɗi yana nan, da gaske yana nan, sai dai ba a inda yawancinmu muke nemansa ba.

Birki ba ya tsinkewa rana ɗaya. Yakan daɗe yana magana. Sabon fad kaurin namansa yakan kai milimita 10 zuwa 12, kuma idan ya sauko wajen 3 lokacin canji ya yi. Da yawa daga cikinsu an saka musu wani ɗan harshen ƙarfe da gangan, wanda ke fara taɓa diski idan naman ya kusa ƙarewa, sai ka riƙa jin siririn ƙara kana tafiya. A wannan matakin kuɗin fad ne kawai a kanka, da ladan aikin da bai kai awa ɗaya ba. In ka ƙara muryar rediyo ka ci gaba da tafiya, naman zai ƙare, bayan fad ɗin da yake ƙarfe ne zalla ya hau gurzar diski, ƙaran ya koma gurnani. Yanzu fad da diski biyu za ka saya. In ka ƙara haƙuri, zafin gurzar ya ƙona robar kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin diski, fistin ya fito fiye da ƙima, mai ya fara tsiyaya ta bayan taya. Gyaran da ya fara da abu ɗaya mai araha ya koma uku, kowanne ya fi na bayansa tsada. Wanda ya sa aka cire taya aka leƙa duk lokacin da ya je juyen baƙin mai, shi ne ya fi kowa biyan kuɗi kaɗan a kan birki, kuma leƙawar ba a cika karɓar komai a kanta ba.

Wuri na biyu da kuɗi ke zurarewa shi ne sayen kaya kafin a gane cutar. An ce maka masta ce, ka saya, ba ta daina ba. An ce sabo ne, wato abin da ke ƙara wa takun feda ƙarfi, ka saya. Alhali mai mota da kansa zai iya rage zato kafin ya bar ƙofar gida. Ka taka feda ka riƙe motar tana tsaye: in tana nutsewa sannu a hankali kuma babu ɗigon mai a ƙasa ko a bayan kowace taya, robobin cikin masta ne suka gaji. In kuma tana da laushi amma tana ƙarfi idan an famfa, mafi yawan lokaci iska ce, ko kuma birkin baya ne ya yi nisa da diram yana neman a ɗaure. In ta yi tauri sai ka miƙe a kanta kafin motar ta tsaya, sabo ake zargi, amma kafin a taɓa shi a duba baƙin tiyon da ya taho masa daga inji, don sau da yawa shi ne ya tsage, kuma kuɗinsa ba ya kusa da na sabo. Gwajin ma a hannunka yake: kashe inji, famfa feda har ta yi tauri, riƙe ta, sannan ka tayar da motar. In ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka, sabonka lafiya lau yake, kada wani ya sa ka sayi wani.

Na taɓa zama a kan benci a wani gareji ina jiran aikina, sai ga wani dattijo da Civic. Motar tana fizgar sitiyari zuwa dama idan ya taka birki, taya ɗaya ta gaba kuma tana ɗaukar zafi har da wari. A wani wurin an riga an yanka masa kuɗin kalifa biyu. Ogan garejin ya sa yaro ya ɗaga motar a jak, ya kwance taya, ya zare fad ɗin ya kifa su a tafin hannunsa. Na ciki ya cinye saura ƙiris, na waje kuwa kamar jiya aka saka shi.

"Baba, kalifarka ba ta mutu ba," in ji shi. "Fin ne ya kafe."

Ya kama ɗaya daga ƙusoshin nan biyu da kalifa ke zamewa a kansu, ya yi ta murɗawa da filaya har ta fito, jawur da tsatsa, gires ɗinta ya bushe ya zama ƙasa. Ya goge ta da samfefa mai laushi har ta yi sheƙi, ya wanke raminta, ya canza 'yar robar da ke hana ƙura shiga domin ta yage, ya shafa gires ya mayar. Da yatsa biyu kalifar ta riƙa kai da komo.

"To nawa ke nan, ɗana?"

"Fad za ka saya, Baba, na gaba duka biyun. Sauran ka ba yara abin shan ruwa."

Abu ɗaya zan ƙara a kan wannan aiki: gires ɗin da ake shafa wa fin ba kowanne ba ne. Na gama-gari da ake cusa wa boris yana kumbura roba, bayan 'yan watanni fin ɗin ya sake kafewa. Akwai na birki musamman, ɗan ƙaramin ƙunshi ya isa mota guda.

Haka abin yake a masta da ƙaramar silindar da ke cikin diram na baya. Tsofaffin motocin da suka cika titunanmu ana samun kit ɗinsu, wato robobin ciki kaɗai, a kan kaso kaɗan na kuɗin sabuwa. Sharaɗin shi ne a wanke cikin silindar a haska fitila a duba. In sumul take, kit zai yi aiki ya daɗe. In tsatsa ta ci ta ta yi ramuka, sabuwar roba za ta yage cikin makonni, ka biya ladan aiki sau biyu. Bakaniken kirki zai nuna maka da idonka, ba sai ka roƙa ba.

Sai maganar Beljiyam, wato kayan gyara na hannu. Wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ya san akwai kayan da aka ciro daga motocin Turai da Japan waɗanda suka fi wasu sababbin cikin kwali aminci nesa ba kusa ba. A ganina ƙa'idar ba ta da wuya: ƙarfe a saye shi Beljiyam, roba da nama a saye su sababbi. Kalifa, diram, diski, sabo, duk ana iya samun nagari na hannu. Diski ma ya zo da shaidarsa, domin a gefensa ko a cibiyarsa an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai; a auna kafin a biya, kuma da wannan lambar ake sanin ko naka na da sauran naman da za a kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe ya share shi maimakon a sayi wani. Amma tiyon birki da ya shekara goma sha a wata ƙasa sannan ya sha ranar Kano a kan tebur, ba abin da za ka ɗora rayuwar iyalinka a kai ba ne. Lanƙwasa shi ka gani, in ya nuna tsaga ko kumburi, ajiye. Fad na hannu kuwa rabin rai ka saya da cikakken ladan ɗauri.

Sabon ma sai an yi hattara. Mai shago zai jera maka kala uku, ya ce ga orijina, ga mai bi masa, ga na maneji. Kwalin ba hujja ba ne, ana buga shi a ko'ina. Na ƙarshen nan yakan ƙare da wuri, yakan yi ƙara, wani ma namansa yana ɓallewa daga ƙarfen idan ya ji zafi. Na tsakiya daga hannun mai shagon da ka sani, wanda zai kalle ka gobe a masallaci, ya fi mini orijinan bakin wanda ban sani ba. Ka je da tsohon naka a leda a gwada su gefe da gefe, ka je da bakanikenka in da hali, ka kuma ce a ba ka duk abin da aka cire daga motarka. Wannan ba rashin yarda ba ne, kuma mai gaskiya ba ya jin haushinsa.

Birkin baya mai diram ana iya sake masa lainin maimakon sayen sabon shu, kuma akwai dattawan da wannan ce sana'arsu tun zamanin 504, suna buga ribit ɗaya bayan ɗaya ya nutse cikin naman yadda kansa ba zai taɓa diram ba. A hannun gwani gyara ne mai kyau. Abin da ke damuna a nan yaran gareji ne. Da an zare diram sai ka ga yaro ya kai baki ya hure baƙar ƙurar nan, ta tashi ta rufe masa fuska. Wasu lainin masu araha har yanzu akwai asbestos a cikinsu, sinadarin da Tarayyar Turai ta haramta gaba ɗaya tun 2005 saboda cutar huhu da sankarar da yake jawowa, wadda ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Jiƙaƙƙen tsumma ya isa ya kwashe ƙurar. Ogan da ya koya wa yaransa wannan ya yi musu abin da ya fi kuɗin sallama.

Akwai kuma gyaran da kusan kuɗin mai ne kawai, wato fitar da iska. Yaro yana zaune a kujerar direba, oga yana durƙushe a bayan taya da ƙaramar sifana a kan nonon kalifa. "Famfa! Famfa! Riƙe!" Ya sassauta, mai ya feso da kumfa, feda ta tafi ƙasa. "Ta sauka, Oga." Ya ɗaure. "Saki. Sake famfawa." Haka za su yi ta yi, yawanci daga tayar da ta fi nisa da masta, har man ya riƙa fitowa garau babu kumfa, ana kula kada kofin sama ya ƙafe a koma gidan jiya. Ka tsaya ka kalli kalar abin da ke fitowa da farko. Sabon man birki fari ne mai ɗan ɗorawa, amma abin da ke fita daga motocinmu sau da yawa baƙi ne wuluk, domin tun da aka sauke motar daga jirgi ba a taɓa juye shi ba, ƙari kawai ake yi. Kamfanonin mota da yawa shekara biyu suke cewa a canza shi.

Dalilin yana da muhimmanci, domin shi ne ya raba sauƙi na gaskiya da na ƙarya. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana zuƙar danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230. Da ya sha ruwa kaɗan, bai ma kai kashi huɗu cikin ɗari ba, sai su sauko wajen 140 da 155. Birki kuwa da zafi yake aiki, gudun mota yake mayarwa zafi. A cikin gari ba za ka ji bambanci ba. Amma ka ɗauko gangara mai tsawo da lodi, irin Hawan Kibo in an sauko daga Jos za a Akwanga, ƙafa tana kan feda tun daga sama, sai man ya tafasa a cikin kalifa ya zama tururi, tururi kuma matsuwa yake yi. Feda ta tafi ƙasa babu komai a ƙarƙashinta. Bayan an kwashe mutane motar ta huce, wani ya taka ya ji birki ya dawo, a rasa abin da ya faru. Ita kanta robar da ke aljihun ƙofa, da aka fasa bakinta tun kafin damina, ta riga ta sha nata danshin. Ƙaramar roba mai hatimi, a buɗe a yi aiki da ita a gama, ta fi babba da za a yi wata shida ana tsiyaya.

To ina ga wanda ya kaɗa ruwan omo ya zuba? Ana yi, kowa a tasha ya san ana yi. Feda takan yi ƙarfi, shi ya sa ake ganin dabara ce. Amma ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma yana zaune yana cin bututu da silinda da tsatsa daga ciki, har ranar da za a canza layin gaba ɗaya. Wanda ya zuba baƙin mai ko man sitiyari shi ma ya kashe kowace roba da ke hanyar, don kumbura suke yi. Sai masu toshe layi: tiyon taya ɗaya ya fashe, a sa ƙusa a bakin bututun a ɗaure, motar ta koma birkin ƙafa uku. A tsakiyar daji da dare, don a lallaɓa a hankali zuwa gari na gaba, ba zan ce komai ba. Abin takaicin shi ne ƙusar takan shekara a wurin. Ranar da aka taka birkin gaggawa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, motar za ta juya ta ɓangaren da ke kamawa. Haka wanda ya canza fad na taya ɗaya ya bar ɗaya, haka wanda ya naɗe tiyo mai yoyo da robar tayar keke, alhali matsin da ke cikin layin nan ya ninka na iskar taya sau da yawa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa tsinkewar birki cikin musabbaban haɗari tare da gudun wuce sa'a da fashewar taya. Mu kuma mukan ji a rediyo mu ce Allah ya jiƙansu, ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, ba na jayayya. Amma wanda ya sa ƙusar ya san ya sa, kuma mutum goma sha da suka biya kuɗin mota ba wanda ya gaya musu.

A nan masu motocin haya suna da kaso mai girma. Mai motar da ba ya yafe balas ranar gyara, shi ne ya tura direbansa wajen ruwan omo, ko da bai taɓa furtawa ba.

Tuƙi ma yana rage kuɗin gareji. Wanda ke sauka gangara da babbar giya, ko ya sa firi don ya tsimi mai, fad ɗinsa yake ƙonawa. A sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar. Lodin da ya wuce ƙima birki ne ke biyan kuɗinsa. In an ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin ya tsayar da mota sau huɗu yake ninkuwa, zafin da zai sha ma haka. Hambirki kuma a gyara shi, sau da yawa waya ce kawai ta saki ko ta tsinke. Dutsen da kwandasta ke diro wa da gudu ya cusa a bayan taya ba ya aiki sai motar ta riga ta tsaya.

Idan kuɗin hannu ba za su ɗauki komai da komai ba, a fara da toshe yoyo ta hanyar da ta dace, sannan fad na gaba tunda su ke ɗaukar mafi yawan aikin, sannan juyen mai. Fenti da gas ɗin AC da gilashin da ya tsage a gefe su jira wani watan. In ko na yoyon ma babu, motar ta kwana a gida, a hau adaidaita.

Bayan an gama aiki kada a fizgi mota a fita. Sabon fad yana nesa da diski sai an famfa feda sau da dama tana tsaye ta yi ƙarfi, kuma an sha ganin wanda ya ja baya daga gareji ya daki bango saboda an manta da wannan. A nemi layin da babu mutane a gwada a hankali, a ga ko tana ja gefe, bakaniken yana zaune a gefenka. Kwanakin farko a guji birkin gaggawa har fad ya kwanta a kan diski. Washegari da safe a duba kofin mai a ga ko yana inda aka bar shi, a leƙa bayan tayoyin huɗu. In an ga jiƙa a koma garejin a ranar, kafin a biya cikon kuɗin aiki.